Namadi Mai Sayen Tsoro

Ina cikin ɗinka wandon makaranta Malam Vincent ya faɗo rumfarmu da waya a hannu, ko sallama bai yi ba. Malamin lissafi ne a sakandaren Anka, mutumin kudancin Kaduna, kuma ban taɓa ganin ya baro makaranta da hantsi ba sai ran nan. Ya wuce ni ya nufi Namadi, wanda ke zaune a kan tabarma da ɗan sikelinsa na awon zinare a gaba.

"Namadi, farashin zinare ya sake faɗuwa," in ji shi. "Wanda ya faɗi ran Juma'a wasa ne."

Namadi ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, alhali ba ya karanta boko, sannan ya mayar. Ya ɗaga kai ya dubi damman tsagin karan da ke rataye a rufin rumfar. Ni ma na duba, ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Kowane tsagi a wurin alkawari ne, kuma abin da Namadi ya mallaka a duniya da zai iya cika alkawuran nan gida ɗaya ne, mai daɓen siminti, inda 'yarsa Rufaida ke wasa a daidai lokacin. Litinin ce, tsakiyar watan Afrilu na 2013.

Ni ne Sanusi tela, kuma Namadi taubashina ne, innata da babansa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. A Bagega aka haife mu duka. Tun muna yara ba ya son fartanya. In an tafi gona, shi ne mai ciwon ciki, shi ne mai komawa gida ɗauko ruwa. Da ya zama saurayi sai ya bi dillalan awaki, a can ya sami abin da aka halicce shi domin shi. Ran kasuwa da damina ba ya taya akuya da safe. Zai sami inuwa ya zauna yana kallon gabas. Da hadari ya haɗo, mutanen ƙauyukan da ke hayin rafi hankalinsu ya tashi kada ruwa ya tare su, sai ka ga Namadi ya miƙe yana kaɗe riga. Akuyar da aka ƙi sallama masa da safe, a lokacin har roƙonsa ake ya ɗauka. Mu muna roƙon ruwa saboda gero, shi yana roƙon hadari saboda awaki. Ban taɓa ganin ya firgita da komai ba, har abin yakan ba ni haushi.

Da zinare ya fashe a ƙasarmu, samari suka bar gonaki suka shiga ramu. Namadi da shiga rami? Allah ya kiyaye. Ya sayi sikeli ya zama ƙaramin mai saye: ya karɓa daga hannun mahaƙa, ya kai wa Alhaji Nababa, babban dilan da ke kaiwa Kano, ya ci ɗan abin da ke tsakani. Kamar kowa a lokacin, ya bari ana niƙa dutse a tsakar gidansu, mata na dakawa a turmi, yara na rarrafe a wurin. Babu wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen. A 2010 yara suka fara suma suna mutuwa, har da ɗansa na fari. Kun san kunyar ɗan fari: bai taɓa kiran sunan yaron ba yana raye, da ya mutu kuma bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa fuska a bushe. Amma ni na gan shi a bayan rumbu.

Rufaida ce ta biyu, tana goye a lokacin. Ma'aikatan lafiya suka auna jininta suka ce gubar ta yi yawa, kuma magani ba shi da amfani muddin za ta koma ta zauna a kan ƙasar da ta sa mata ciwon. Namadi ya kwaso ta da uwarta Naja'atu ya kawo su gidana a Anka, inda na riga na zauna da ɗinkina. Ɗaki biyu gare ni da yara biyar, amma matata Zaliha ta karɓe su hannu bibbiyu. Ran nan ya ce mini:

"Sanusi, ɗiyag ga ba ta ƙara taka ƙasa. Sai na yi mata gida da siminti tun daga zaure har bayi."

Na ce da wane kuɗin, da ribar sikeli? Ya ce in zuba ido.

Abin da ya ƙirƙiro shi ne ɗaurin farashi. Farashin zinare ba a Anka ake yanka shi ba, daga wata duniya yake zuwa ta waya, yau ya hau gobe ya sauka. Mahaƙi kuwa yana kashe kuɗi kafin ya ga ko ƙwaya: abincin ma'aikata, man inji, kuɗin niƙa, zaibar tace zinare. Kullum gabansa na faɗuwa kada ya gama wahala ya tarar farashi ya zube. To, sai ya zo wurin Namadi ran kasuwa ya ba shi ɗan wani abu da suke kira goro. Namadi ya ɗauki kara, ya yi masa yanka-yanka da aska daidai yawan giram ɗin da aka yi magana, ya tsaga shi biyu, ya riƙe rabi ya ba mutum rabi. Daga ranar har kasuwa biyu, in farashi ya faɗi, Namadi zai saya a farashin ranar ɗauri. In ya hau, mutum ya je ya sayar inda ya so, goro ya zama na Namadi. Daga buhun ƙyallayena ake samun abin ɗaure damin kowane mako, ja ko shuɗi ko ɗorawa, a ɗaura irinsa a rabin mai shi. Da an ga launin an san farashin, don kowa a kasuwa ya san nawa aka sayi zinare a makon jan ƙyalle. Ni ne shaida, ba don na so ba, don rumfarmu ɗaya.

Limamin masallacinmu bai yarda da abin ba. Ya kira Namadi ya ce masa wannan ciniki ne a kan abin da babu shi, yana kusa da caca, kuma in aka je gaban alƙali ba zai tsayu ba. Namadi ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba ciniki na ba, alkawari na. Goro kau ihisani na." Liman ya girgiza kai ya ce shi dai ya faɗa. Mutane kuwa suka laƙaba masa suna Mai Sayen Tsoro, shi kuma sunan ya yi masa daɗi fiye da kima.

Shekarar 2011 ta yi masa kyau. Farashi na tsalle-tsalle, mahaƙa a tsorace, goro na tsada. Wani makon yakan biya daga aljihunsa, ya biya yana dariya, amma yawancin karan a murhu suke ƙarewa. Kafin shekara ta zagayo ya sayi fili a bayan garin Anka, nesa da duk inda ake niƙa dutse, ya gina ɗaki biyu da zaure, ya malale ko'ina da siminti har gindin randa. Gidan nan yana da dokoki kamar asibiti. Takalmi a waje. Wanda ya fito daga daba, wato filin da ake niƙa da wankin dutse, ba ya wuce zaure ko ubanwa ne. Namadi kansa sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya ɗauki Rufaida. Aka yi mata magani, ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana, amma ta yi. Da yake ba ita ce ta fari ba, babu kunya a tsakaninsu. Ya saɓa ta a wuya ya zaga da ita unguwa, ina yi masa tsiya wai ya zama jakin 'yarsa, yana cewa ya ji ya yarda.

Malam Vincent ya shigo rayuwarmu ne ta hanyar wandunan da nake rage masa. Wayarsa na shiga intanet, sai Namadi ya mai da shi gidan rediyonsa na farashi. Ran da ya gane yadda ɗaurin kara ke aiki, ya ajiye wandonsa ya zauna a kan benci yana dariya.

"Ka san a Amurka akwai masu irin sana'arka?" ya ce. "A kasuwar hannun jarinsu har lamba gare su, suna kiranta ma'aunin tsoro. Ba farashin kaya take aunawa ba, goron da mutane ke biya don a tsare musu farashi take aunawa. In suna tsoro, goro ya yi tsada, lamba ta hau. In hankali ya kwanta, ta sauka. Har ita lambar ake saye da sayarwa."

Namadi ya juyo gare ni. "Ka jiya, tela? Turawa sun koyi aikina."

"Akwai masu cewa kullum lafiya za a kwana, suna karɓar goro kaɗan-kaɗan," in ji Malam Vincent. "Sukan daɗe suna ci. Amma in abin ya juya, rana ɗaya yake karɓe na shekaru."

"Su ka da tsoro," in ji Namadi. "Ni ban da shi."

Daga nan aka shiga dogon kwanciyar hankali, kuma shi ne ya ci shi. Farashi ya lafa, wata da watanni ba ya wani motsin kirki. Mahaƙa suka daina tsoro. Mutum ya zo ɗauri ya ce goron ya yi yawa, ai ba abin da ke faruwa. Namadi ya rage. Da ya rage sai abin da ke shigowa ya ragu, sai ya ƙara yawan mutane. Ya ƙara yawan yanka a kara, ya tsawaita wa'adi daga kasuwa biyu zuwa huɗu. Dalilinsa shi ne ba wanda ke cika karansa: mai yanka goma in ya zo da uku ya yi ƙoƙari, don rami ba ya ba ka abin da ka yi zato. Ya ce yana so ya ja katanga ya haƙa rijiya a gidan. Gaskiya ne, amma ni da na san shi tun muna yawo ba wando na san har da son a ce Namadi ba ya ja da baya. Damman kara suka cika rufin rumfa har suna taɓa mini hula. Malam Vincent ya dube su wata rana ya ce goro mai arha a kan kara mai yawa ba ya ba shi sha'awa. Namadi ya ce ya je ya koya wa yara sau biyu.

To, mun dawo ran Litinin.

Kafin azahar Alhaji Nababa ya aiko cewa ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu a farashinsa, kuma ko a hakan ba ya alkawarin zai saya gobe, don mutanensa na Kano sun daina ɗaga waya. 'Yan kabu-kabu suka kai labari Bagega. Da la'asar mahaƙa suka fara isowa, ƙura har gira, kowa da rabin kara a aljihun gaba. Namadi ya sauko da damin jan ƙyalle, yana haɗa rabi da rabi, yana aunawa, yana biya a tsohon farashi, sannan ya aika wa Nababa a sabo. Kowane awo sai ya cike gibin daga jikinsa. Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ni kuwa har na ɗinka aljihu a baibai.

Washegari muka ga abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba. Mai yanka goma ya zo da goma cif. Mai ashirin ya zo da ashirin. Masu kara sun bi waɗanda ba su da kara suna saye a hannunsu da arha, su kawo wa Namadi da tsada. Ba sata ba ce, karan bai ce sai zinaren da ka haƙa da hannunka ba. Namadi ya auna na wani saurayi da kowa ya san bai shiga rami ba tun sallah, ya dube shi, ya biya shi.

Babur ɗinsa ya tafi. Shanun huɗar da ya bari a Bagega suka tafi. Ɗan abin da ya tara na katanga da rijiya tun ran farko ya narke. Kowace safiya Malam Vincent kan biyo kafin ya shiga aji, mu zuba masa ido tun daga nesa, mu karanta farashi a tafiyarsa. Wata rana farashin ya ɗan ɗaga, ba abin da zai cika gibi ba. Damin ja ya ƙare, na shuɗi da na ɗorawa suna nan rataye, su ne ma suka fi kauri. Namadi ya fara cewa a ba shi zuwa gobe. Mutanen ba su yi hayaniya ba, kuma na fi son a ce sun yi. Sai su jeru a kan bencina da gefen kwata, kowa na juya karansa a hannu. Masu kawo ɗinki suka daina zuwa. Da Naja'atu ta aiko cewa akwai mutum uku zaune a ƙofar gida da kayan daba a jikinsu, a karo na farko na ga Namadi ya tashi bai naɗe tabarmarsa ba.

A ranar Alhaji Nababa ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin rumfa bai shigo ba. Ya yi jaje, ya ce kasuwa ta Allah ce. Sannan ya ce ya ji an ce gidan nan na bayan gari ginin kirki ne, in ana neman mai saye kada a je nesa.

Da ya tafi na rufe keke na nufi wurin Liman. Na dawo da gudu-gudu na ja Namadi bayan rumfa.

"Ka tsira," na ce. "Malam ya ce maganatai ba ta canza ba. Cinikin ɓatacce na tun asali. Abin da ak kanka, ka mai da ma kowa goronai, shi ke nan. Ko alƙali anka je, haka za a yanke."

Na ƙara matsa masa:

"Goron duka nawa na? Ko kekena in na sai da ya biya shi. Namadi, rabinsu 'yan cuwa-cuwa na, ka gani da idonka. Ka sai da gidan ɗiyarka don su?"

An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a lokacin, gida-gida, amma ba a kai ga unguwarsu ba, kuma ba wanda ya san yaushe za a kai. Na faɗa masa wannan ma, ko da yake ya fi ni sani. Na tuna masa bayan rumbu. Ban taɓa yi masa maganar ba sai ran nan, kuma da gangan na yi. Ya ɗago ido jajur ya ce:

"To. Gobe in sun taru in hwaɗa musu."

Na yi hamdala. Har yau in aka mai da ni ranar, shawarar da zan ba shi ke nan.

Da safe rumfa ta cika. Liman ya yarda zai zo ya yi bayani da bakinsa, muna jiran sa. Sai ga Hudu. Hudu mahaƙi ne ɗan Bagega, dogo, marar magana, irin mutanen da in sun gaishe ka sun gama hirar ranar. Bai san abin da ake shirin yi ba, don daga rami ya taho. Ya tsuguna a gaban Namadi ya kwance ƙullin leda, ya ajiye rabin kara mai shuɗin ƙyalle a gefe. Zinarensa bai ma cika karan ba. Nashi ne na kansa, kana ganin farcensa ka sani.

"Namadi, ka yi haƙuri na zo ma da wuri," ya ce. "Na ji an ce abin ya taɓa ka. Da na jira, amma mai ɗaki ya matsa."

"Wane ɗaki?"

"Nan Anka. Na kama ɗaki mai siminti, na kawo yaran, su biyu. Likita yac ce sai sun bar gida a ba su magani. Da ban yi ƙarfin hali ba, sai nit tuna ina da karanka. Nic ce ma mai ɗaki ko duniya ta tashi, kuɗɗina na wurin Namadi."

Ya faɗa ne kawai, kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Namadi ya ɗauki rabin karan ya daɗe yana dubawa. Ya miƙa hannu sama ya zaro ɗan'uwansa daga damin shuɗi, ya haɗa su, suka zauna daram. Na san fuskar nan. Na ce, "Namadi," a hankali, bai waiwayo ba.

"Ka biya Hudu shi ɗai," na raɗa masa. "Sauran a bi maganar Malam."

"In kara na da ƙarhi, na kowa na da ƙarhi," ya ce. "In bai da, na Hudu ma bai da. Kuma ka san su nawa ag ga irin Hudu cikin wanga taro? Ni ban sani ba."

Ya aika a gaya wa Liman kada ya wahalar da kansa. Ya aika a kira Alhaji Nababa.

Na zage shi a gaban mutane, zagin da ba na wasan taubasai ba. Na ce masa girman kai ne ya sa wa rigar amana. Na ce yaran Hudu ba su fi 'yarsa ba. Shi kuwa yana ta haɗa kara. Nababa ya sayi gidan a farashin wanda ya san mai shi ba shi da zaɓi, irin cinikin da Namadi kansa ya sha yi wa masu awaki in hadari ya taso. Kafin kasuwa ta zagayo rufin rumfarmu ya zama fayau, ba kara ko ɗaya. Kowa ya karɓi nashi, har da saurayin da bai shiga rami ba, wanda ya dawo da kara na biyu na wansa.

Na je taya su kwashe kaya. Na tarar da Naja'atu zaune a tsakar gida a kan simintin, ta shimfiɗa tafin hannunta a kai, ba ta kuka. Ta ce mini, "Jiya ma na goge shi." Na shige ɗaki na fara fito da kaya.

Da yamma Namadi ya zo ƙofar gidana da Rufaida a wuya da ƙullin kayanta a hannu. Su za su koma Bagega, wurin Innarsa, don ba su da inda ya fi. Gidana ba zai ɗauki iyali biyu na dindindin ba, shi ma ya sani, bai kuma roƙa ba.

"Ga ɗiyarka," ya ce. "Riƙo na ba ka, ba kyauta ba. In na yi wani simintin in zo in ɗauka."

Ina fushi da shi har lokacin, amma na karɓe ta. Zaliha ta goya ta ta shige ciki don kada ta ga tafiyarsu.

Farashi bai dawo ba. Da damina ta kama ma ya sake zubewa, har Malam Vincent ya ce da Namadi ya ja lokaci yana jira, da abin ya fi haka muni. Ba wanda ya ƙara ɗaure farashi a Anka. Namadi kuwa, mai ciwon ciki ran noma, ya shiga rami. An kwashe ƙasar gidansu daga baya an zuba sabuwa, Naja'atu ta ce a dawo da yarinya, ya ƙi. Ya ce shi kansa yanzu ƙurar dutse yake kwasowa kullum a jiki da tufafi, kuma maƙwabta sun fara komawa niƙa a ɓoye. Ya ce a ƙara masa lokaci.

Da farko duk ran kasuwa yana zuwa. Na ɗinka masa riga da wando da ba sa barin gidana. In ya iso ba ya wuce ƙofa. Zaliha ta miƙo bokiti da sabulu, ya zaga bayan zana ya yi wanka, ya ƙulle kayan rami a leda ya bar su waje, sannan ya shigo. Rufaida takan ruga ta tarye shi, ya ɗaga hannu biyu ya ja da baya yana cewa, "Tsaya, tsaya, Uwata, sai na yi wanka." Tun tana kuka har ta koyi jira. Daga baya ramukan kusa suka ƙafe, ya bi na cikin daji, hanya kuma ta lalace da 'yan bindiga. Zuwan ya koma wata-wata, wani lokacin ya fi. Simintin bai samu ba. Yarinya ta shiga makaranta, karatun na yi mata wuya amma tana zuwa, ni ke ɗinka mata kayan makaranta, kuma tana kirana yadda 'ya'yana ke kirana.

Wata ranar kasuwa, tana aji biyu, ya iso bayan doguwar ɓacewa, ya rame, gemu ya fara fari. Ya zaga bayan zana da bokitinsa. Ina zaure ina jin ƙarar ruwa, sai ga Rufaida ta leƙo daga cikin gida ta ga ledar kayan a ƙofa.

"Baba," ta ce mini, "mai wanka ya zo?"

Ƙarar ruwan ta tsaya. Ta daɗe ba ta ci gaba ba.

Da ya fito cikin rigar da na ɗinka masa, wadda ta yi masa yawa yanzu, yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tsaya tana jira kamar yadda ya koya mata. Bai miƙa hannu ba. Ya matso kusa da ni, ya juya mini ƙeya, ya lanƙwasa kunnensa da yatsa.

"Sanusi, duba man nan baya. Akwai sauran ƙura?"

Na duba. Babu komai, fes yake. Na gaya masa.

"Sake dubawa," ya ce.